Ƙwai Goma Sha Ɗaya a Akurkin Haulatu

Juma'a, 7 ga Mayu, 2004, bayan la'asar. Zango.

Haulatu ta tafi gidansu Mai'adua. Da hantsi ta fita, ina makaranta. Na dawo daga masallacin Juma'a na tarar da ɗakinta a rufe, makulli a ƙarƙashin turmi inda muka saba ajiyewa. Inna Shatu, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, ta ce ƙunshin kaya ɗaya ta gani a kanta. Yaji ke nan, na farko cikin shekara shida da aurenmu.

Ina wannan rubutu a bayan littafin shirya darasi, don babu wanda zan yi wa magana a gidan nan sai kaji da akuya.

Abin da ya faru bai taka kara ya karya ba. Jiya Hamma, ɗan wan babana mai fataucin shanu, ya sauka a wurina da rana tsaka, Haulatu kuwa ta tafi barkar haihuwa a bayan kasuwa. Mutum kamar Hamma ba a tarbarsa da ɗumamen tuwo. Na shiga in kama kaza. Duk wadda na nufa sai ta haye katanga, na bi na bi har gumi ya jiƙe mini taguwa. Sai na leƙa akurki na ga wata wake-wake a zaune, ko motsi ba ta yi ba har na sa hannu. Na ce yauwa, ga mai ladabi. Na yanka, na fige, na kai wa mai tsire ya gasa. Hamma ya ce naman ya yi tauri, amma ƙashi kaɗai ya bari.

Haulatu ta dawo ta ga gashin a bakin rariya. Ta tsuguna tana tsince shi ɗaya bayan ɗaya. Ta yi mini tambaya ɗaya, na ba ta amsa ɗaya. Amsar ba zan rubuta ta ba.

Kaji tara suka rage, da zakara.

Juma'a, bayan magariba

Inna Shatu ta yi sallama, ba ta jira amsa ba ta wuce akurki. Ta zura hannu ta janye wani tsohon ɗankwalin Haulatu, sai ga ƙwai a ƙarƙashinsa. Goma sha ɗaya. Ashe kafin ta tafi sai da ta rufe su.

Inna ta ce, "Malam Audi, kai da kake koya wa 'ya'yan mutane lissafi, kaza tara suka gudu ɗaya ta zauna, ba ka tambayi kanka dalili ba? Kwanci take yi. Kwananta goma a kan ƙwan nan."

Na ce ban sani ba. Ta ce ai shi ne abin da take faɗa.

Ta karɓi tocilata tana haska kowane ƙwai cikin tafin hannunta. Ta ce zafin nan da muke ta kuka da shi, shi ya riƙe su, wataƙila wasu da sauran rai. Ta koma gida ta dawo da wata jar kaza a hammata, wadda ta fara kwanci shekaranjiya. Ta ɗora ta a kan ƙwan, ta kife kwando a bakin akurki.

"Aro ne," in ji ta. "In ta yarda ta zauna, to. In ba ta yarda ba, ka soya ƙwan ka kira Hamma."

Da za ta fita ta juyo. "Kuma duk kajin gidan nan ka rasa wadda za ka ɗora wa wuƙa sai ita." Na ce Inna, kaza ai kaza ce. Ta sa kai ta tafi.

Asabar, 8 ga Mayu, da safe

Ja, jar kazar Inna, ta zauna.

Asabar, bayan azahar

Sai da na birkice madafi kafin na gano inda Haulatu take ajiye dusa: cikin tsohuwar randa, an rufe da faifai. Na haɗa da gero na zuba a faranti. Zakara ya shiga ciki da ƙafa biyu ya watsar, kajin suka tone sauran cikin ƙasa, akuya ta zo ta lashe farantin. Rabin mudu ya tafi kafin in ɗaura alwala.

Ita da hannu take watsa musu, ta tsaya da kara tana korar akuya har su ƙoshi. Ni ba ni da wannan lokaci, ƙarfe bakwai da rabi nake barin gida. Dole in ƙera abin da zai riƙa ba su abinci ba na nan. Wannan ba zai gagare ni ba.

Lahadi, 9 ga Mayu, da yamma

Yau kasuwar Mai'adua ke ci. Na je na zaɓo ƙatuwar kaza fara, ta ninka waccan biyu a nauyi. Na ba Hamma ya kai gidan surukina Malam Sada, ya yi mini biko. Ni na tsaya a ƙarƙashin wata darbejiya a kan kwana, don ban ga dalilin da zan shiga ba.

Ba a jima ba ya fito, kazar na rataye a hannunsa ƙafa sama. Malam Sada ya ce a bar ta ta huta tukuna. Ita kuwa ta aiko daga ciki cewa ba ta da kaza fara.

Inna Shatu ta hana ni sakin kazar kasuwa cikin na gida, wai haka cuta take shigowa. Na kai wa limamin unguwa sadaka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya biya fiye da abin da ya ɓata, a ce kuma bai biya ba.

Talata, 11 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Na gwada zuba musu a ƙwarya, ba ta yi ba, kifar da ita suke yi. Na samo tsohuwar jarkar man gyaɗa a wurin mai shago, na wanke da toka. Na gasa wuƙa a garwashi na yanke tagogi huɗu a jikinta, na auna da rula kowace inci uku. Na cika ta da dusa zuwa bakin tagogin, na rataye a reshen zogale da igiya, tana lilo kaɗan sama da ƙasa. Akuya ta gwada, bakinta bai shiga ba. Na ji daɗin ganin haka fiye da yadda ya kamata.

Na ci rogo da ƙuli a tsaye. Gidan ya yi faɗi.

Alhamis, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Inna Shatu ta zo duba ƙwai. Ta ga jarkar ta ce ba laifi, ashe bokon yana da rana. Sai na ce mata, Inna, don Allah ki gaya mini, mece ce a jikin kazar nan da za a bar gidan aure a kanta?

Ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Da gaske kake ba ka sani ba?"

Ta ce ran sunan yarinyar nan da muka haifa, kakarta, uwar Haulatu, ta zo daga Mai'adua da 'yar budurwar kaza a kwando. Ta ce ta jaririya ce, a kiwata mata a ga arzikinta. Wake-wake ce. Ni ina zaure a lokacin ina rabon goro. An gaya mini. Na tabbata an gaya mini.

Yarinyar ta yi shekara ɗaya da wata bakwai a duniya. Ƙyanda ce. 'Yar fari ce, don haka ba mu ɗauke ta a gaban mutane ba, ba mu kama sunanta ba. Ni ina cewa yarinyar nan, Haulatu tana cewa wance. Haka muka tarar ana yi, haka muka yi. Ran da aka kai ta Haulatu ba ta yi kuka a gaban kowa ba, mata suka yi ta yaba mata, suna cewa 'yar mutunci ce.

Inna ta ce, "Shekara biyu ke nan, kullum ka fita makaranta ina jin ta ta katanga tana hira da kazar nan. Ni ban taɓa leƙawa ba."

Ban ci abinci ba.

Juma'a, 14 ga Mayu, da asuba

Tambayar ita ce, "Malam, wacce ka yanka?" Amsar da na ba ta: "Kaza ce fa, ba ɗa kika rasa ba."

Na rubuta.

Lahadi, 16 ga Mayu, da hantsi

Hamma ya biyo zai wuce kasuwa, na gaya masa. Tun da aka ƙaddamar da shari'a kowa ya zama malami, har Hamma da bai wuce izu biyu ba. Ya gyara zama ya ce, "To ai magana ta zo da sauƙi. In kazar yarinya ce, gado ce. Uwa tana da sulusi, uba ya kwashe saura. Kashi biyu cikin uku naka ne halak malak. Cinya ɗaya da fiffike za ka biya."

Na ce masa ya tashi ya tafi kasuwarsa. Tunda nake ban taɓa korar Hamma ba. Ya fita yana cewa shi gaskiya ya faɗa, kuma wataƙila gaskiyar ce.

Litinin, 17 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Ana kuka siriri a ƙarƙashin Ja. Na sa hannu ta sare ni har jini.

Talata, 18 ga Mayu, bayan azahar

Bakwai sun ƙyanƙyashe. Huɗu sun yi dungu, Inna ta ce in binne su nesa kada su fashe a tsakar gida. Ta nuna mini yadda ake ɓarza gero a dutse, ba gari ba, ba kuma tsaba ba. Ta ce in cusa kashin shanu da karan dawa a tsohuwar tukunya, in yayyafa ruwa, in kife a bakin shuri da yamma, da safe zan tarar gara ta cika ta. Wai babu abin da ke ta da 'yan tsaki irin gara.

Na aika wa Haulatu saƙo ta hannun wata mai kai ƙuli Mai'adua: bakwai sun fito. A raina na ce in ta ji haka ba za ta iya zama ba. Su ne za su dawo mini da ita.

Laraba, 19 ga Mayu, ƙarfe biyu

Na bar musu ruwa a kaskon da manyan suke sha. Na dawo na tarar da ɗaya a ciki. Ruwan bai kai tsawon ɗan yatsana ba.

Inna ta ce kowa ya san ana zuba tsakuwa a ruwan 'yan tsaki. Na ce ni ba kowa ba ne. Na cika kwalba da ruwa na kife ta a kan murfin langa, na ɗaure a jikin turke, na jera tsakuwa kewaye da bakinta. Ruwan yana fitowa kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da suka sha.

Shida.

Alhamis, 20 ga Mayu, da yamma

Mai ƙuli ta dawo. Ta ce ta faɗa, Haulatu ta ce Allah ya raya.

Juma'a, 21 ga Mayu, bayan la'asar

Ina zaune a bakin ƙofa ina maki a littattafan yara, Ja ta yi wani kuka, na ga inuwa ta gifta. Kafin in miƙe shaho ya yi sama da ɗaya. A gabana. Na jefe shi da takalmi, takalmin ya faɗa gidan Inna Shatu.

Ta kawo mini takalmin da kanta, da ƙullin galura a ɗaya hannun. Ta jiƙa a gwangwani, ta riƙa kama su tana shafe musu baya da tsumma. Ta ce in shaho ya hango launin da bai sani ba, ba ya sauka. Yanzu duk sun koma ruwan hoda kamar alawar yara. Ja ta tsaya tana kallonsu da ido ɗaya, ta juya ta kalle su da ɗayan, sannan ta haƙura ta kira su.

Biyar.

Lahadi, 23 ga Mayu, bayan azahar

Jarkata da nake alfahari da ita. Na sauko da ita ƙasa-ƙasa don su ma su kai. Ɗaya ya haye ta taga ya faɗa ciki, dusar ta yi ƙasa, ya kasa fitowa. Rana ta juyo ta bugi jarkar ina wurin ta'aziyya. Inci uku na auna don kan manyan kaji, ban yi tunanin ɗan tsako gaba ɗayansa bai kai inci uku ba.

Na binne shi a gindin zogale. Na daɗe a tsugune a wurin, ban san me nake jira ba.

Huɗu. In na ci gaba a haka, ran da za ta dawo ba za ta tarar da komai ba.

Litinin, 24 ga Mayu, bayan magariba

Wasiƙa ta zo daga Malam Sada, da ajami, direban motar Mai'adua ya kawo. Bayan gaisuwa, layi uku ne. Haulatu ta ce a karɓo mata takardarta. Shi bai amsa mata ba. In zo ran Lahadi da babbana a zauna.

Na karanta sau uku. Na je na rufe akurki. Tsoro nake ji, babu wani suna da zan ba shi.

Talata, 25 ga Mayu, daga la'asar zuwa magariba

Na samo babban gwangwanin madarar gari a wurin mai shayi, da murfin bokitin fenti. Na huda ramuka huɗu a gindin gwangwanin ta gefe, da ƙusa, na faɗaɗa su daidai shigar ɗan yatsa. Bakin ramukan ya yi kaifi, ya yanke ni, na ce in ya yanke ni me zai yi wa wuyan ɗan tsako. Na lanƙwashe da filaya, na goge a dutse har na shafa da leɓena ban ji komai ba. Na ɗora gwangwanin a tsakiyar murfin fentin, na ɗaure da waya ta ƙasa. In an cika shi da ɓarzajjen gero aka rufe, geron yana gangarowa ta ramukan ya tsaya a bakin murfin. Suna ci yana sauka. Ba mai iya shiga ciki.

Sauran matsala manyan kaji. Na kife babban kwando a kan abin gaba ɗaya, na ɗaga bakinsa da duwatsu uku, tsayin yatsa uku daga ƙasa, na danne samansa da taɓarya. 'Yan tsakin suna shiga suna fita yadda suke so. Zakara ya zagaya kwandon sau biyar, ya kwantar da kai ya leƙa, ya tafi yana gunaguni.

Inna Shatu ta duba ta ce in yi mata irinsa biyu. Daga bakinta wannan lambar yabo ce.

Laraba, 26 ga Mayu, bayan azahar

Ruwan farko. Wajen sha ɗaya hadari ya haɗo daga gabas ina tsakiyar darasin rabawa. Na ajiye alli na ce wa hedimasta ina zuwa, ban jira ya tambaye ni ina ba. Na iso gida ruwa ya riga ya sauko, rariya ta toshe, tsakar gida ta zama tafki. Ja na tsaye a gindin katanga ta baza fiffike, ruwa ya kai mata ciki. Na kwashe huɗun na zuba a cikin rigata, na kama ta na shige madafi. Na hura wuta na zauna da su a ƙirjina har suka daina rawar sanyi.

Farar rigata ta makaranta ta zama ruwan hoda daga wuya zuwa cibiya. Na buɗe gwangwani, geron ciki a bushe yake.

Lokacin da yarinyar nan take zazzaɓi ban taɓa riƙe ta haka ba. Mutane suna shigowa dubiya, ni kuwa ina zaure.

Huɗu har yanzu.

Juma'a, 28 ga Mayu, da safe

Kowa ya tafi shuka. Ni ma na je, na yi kunya goma na dawo.

Asabar, 29 ga Mayu, da yamma

Gashin fiffike ya fara fito musu, sabo, babu galura a jikinsa. Uku ja-ja ne irin na zakara. Na huɗun, ƙaramin cikinsu, baƙi da fari ne, ɗigo-ɗigo. Na kira Inna ta katanga ta zo ta gani. Ta juya shi a hannunta ta ce uwar ce sak.

Na ce mata ina neman izini in tafi da Ja gobe, zan kai wa Haulatu 'yan tsakin.

Ta ce, "Kai dai ba ka da wayo. In ka kai mata su, me zai dawo da ita?"

Na ce ban sani ba. Kwana goma sha biyu ina riƙe da su ina jira su jawo ta, kamar mai riƙe da igiyar akuya. Ba nawa ba ne. Ko da takarda ko babu takarda, wurinta ya kamata su kasance.

Inna ta sauke ɗan tsakon ƙasa. Can ta ce in shimfiɗa buhu a cikin kwandon, kuma kada in yi gudu a kan gargada.

Na je na ba Hamma haƙuri, don shi ne babbana kuma ba ni da wani. Ya ce ai shi ya manta. Na sa farar takarda da biro a aljihun rigar da zan sa. Ban rubuta komai a kanta ba.

Lahadi, 30 ga Mayu, bayan magariba

Mun tafi a babur ɗin Hamma, ni a baya, kwando a cinyata, gwangwani a ɗaure a kariya. Duk wanda muka wuce sai ya waiwaya.

Malam Sada ya karɓe mu a zaure. Aka gaisa, aka yi addu'a. Hamma ya gyara murya ya fara da cewa a mas'alar gado, Malam Sada ya ɗaga hannu ya ce, "Hamma, sha ruwa." Ya dubi kwandon ya tambaye ni mene ne. Na ce Baba, kayanta ne na kawo mata. Ya ce to mai kaya tana ciki, in shiga in ba ta da hannuna.

Tana zaune a rumfa tana tsince wake. Ta rame. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo, ba ta ɗago ba. Na ajiye kwandon na buɗe. Ja ta fito, huɗun suka biyo ta suna zamewa a kan tabarma.

A hanya na shirya magana mai tsawo, da sakin layi. Duk ta gudu. Na ce, "Ga kajin Firdausi na kawo miki."

Hannunta ya tsaya a cikin waken.

Ta ce, "Ban taɓa jin sunan nan a bakinka ba."

Na ce, "Ban taɓa faɗa ba. Na manta kazarta ce, Haulatu, an gaya mini na manta. Maganar da na yi miki kuwa ba ni da abin da zan ce a kanta, sai dai ki yafe in za ki iya. Bakwai ne, uku sun mutu a hannuna. In takarda kike so ga ta a aljihuna, amma ni ba na so."

Ƙaramin nan ya hau gefen faifan yana tsattsagar wake. Ta kama shi, ta buɗe fiffikensa da yatsa, ta ga baƙi da farin. Sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Na ji kukan da aka yaba mata don ba ta yi ba. Ban fita ba. Na zauna a ƙasa a gefen tabarma har ta gama.

Da ta share fuska ta ce, "Wa ya rina su haka?" Na ce Inna Shatu. Ta ce galurar ta yi yawa. Ta jawo gwangwanin ta juya shi, ta shafa bakin ramukan da yatsa, ta leƙa ƙarƙashinsa ta ga wayar. Ta tambaya wa ya ƙera, na ce ni. Ta sake shafawa.

Sannan ta ce, "Jar nan ta Inna ce, ba a riƙe kazar mutane a wani gari. Su kuma ba su isa rabuwa da ita ba. Ka mayar da su."

Na ce takardar fa? Ta ce rana tana yi, in tafi da su kafin zafi ya kama su a hanya.

Na dawo da su. Takardar tana aljihuna fara. Hamma ya tambaye ni an shirya ko ba a shirya ba, na ce ban sani ba.

Litinin, 31 ga Mayu, bayan la'asar

Ba labari. Na yi wa Inna gwangwanayenta biyu. Huɗu.

Talata, 1 ga Yuni, da safe

Na share tsakar gida. Na buɗe rariya. Gara ta cika tukunya.

Laraba, 2 ga Yuni, bayan azahar

Na dawo daga makaranta na ga hayaƙi yana fita ta saman madafi. Na ɗaga turmi duk da haka, babu makulli. An janye kwandon daga inda na ajiye shi zuwa inuwar zogale, an ƙara masa dutse ɗaya. Rigata mai galura tana shanye a igiya, galurar ba ta fita duka ba.

Haulatu tana tsugune a bakin akurki. Ta ce sannu da zuwa, na ce sannu da hanya. Ta ce rami na uku a jikin gwangwanin ya fi sauran faɗi, gero yana zuba, in matse shi. Na ce to. Ta ce kwalbar ruwan kullum ake wankewa, ba sai ta yi kore ba. Na ce to. Ta ce ƙaramin nan mace ce, kuma tana ɗan ɗingishi.

Na juya zan kai jaka ɗaki, sai ta ce, "Malam, zo ka riƙe mini ta Firdausi in duba ƙafarta."

Na ajiye jakar a ƙasa na je na riƙe.